Yana Ciki

Mahaifina ba ya amsa wa yaron da ya ce "Mama ya dawo." Ko sau goma ka faɗa, sai ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa kamar bai ji ba, har sai ka gyara ka ce "ta dawo." Daga ƙasar Hausa ya zo Tamale yana saurayi, ya zauna a zango, unguwar baƙi, ya yi aure, ya haife mu, amma har ya koma ga Allah bai saba da Hausar garin nan ba, wadda mace da namiji duk "shi" ne. Ni ce na gaji wannan ciwo nasa. Na zama malamar firamare kuma, abin ya ƙara yin muni. Mai tumatir a kasuwa, mai keken haya da ake kira yalo-yalo, kai har surukata, babu wanda ban taɓa gyara wa magana ba. Na san ana gulmata a kan haka, ban kuwa damu ba.

Ɗaukar hoton tsuntsaye da girmana ta same ni. Ƙanin maigidana ne ya dawo daga Kumasi da wata tsohuwar kyamara mai dogon baki, ya gaji da ita, ya bar mini. Na fara da kajin gida da ƙadangarun katanga. Daga nan wata abokiyar aikina ta saka ni a wani guruf na waya, na mutanen da ke da irin wannan haukan. Ba mu fi ashirin ba: akwai direban babbar mota, akwai mai sayar da magani, akwai wani tsohon malamin daji da ya yi ritaya, shi ne alƙalinmu in gardama ta tashi. Duk wanda ya ɗauki hoto sai ya tura, ya faɗi inda ya gan shi, sauran su kawo suna da Hausa, da Dagbanci, da Turanci. Ranar Lahadi nakan hau babur ɗina in nufi bayan Kasalgu, inda gidaje ke ƙarewa, in dawo da balbela ko zalɓe, wani lokaci in dawo da hoton reshen da tsuntsu ya tashi daga kai. Irin wannan ma turawa nake yi, a yi mini dariya a wuce.

Gidanmu a Gurugu yake. A kusurwar tsakar gida, dab da katanga, akwai wani tsohon maɗaci da muka tarar tun kafin mu yi gini. Rabinsa ya bushe, babban reshensa kuma ya sunkuyo kan kwanon ɗakin girki. Duk wanda ya zauna a Tamale ya san abin da iskar farkon damina ke yi wa rufi. Wata biyu na yi ina damun maigida a sare shi. Shi mutum ne mai "gobe", ni kuwa ba na barin magana ta huce. A ƙarshe ya samo mai injin yankan itace, aka tsayar da ranar Asabar.

A bayan katangar akwai wata tsohuwa Badagomba mai yin man kaɗe. Mma muke ce mata, wato uwa. Ita kuma Madam take kira na. Hausarta ta kasuwa ce, "ka" take ce mini kamar wani ƙato, kullum sai na gyara, kullum sai ta yi murmushi ta maimaita abinta.

To, a makonnin nan ne wata cilakowa ta fara zuwa maɗacin. Tsuntsuwa ce toka-toka mai doguwar wutsiya da lanƙwasasshen baki, in tana tashi sai ta riƙa hawa tana sauka a iska. Murna ta kama ni, ga abin hoto ya biyo ni har gida. Da safe kafin in tafi makaranta in ɗauka, da la'asar in na dawo in ɗauka. Na tura na farko a guruf na rubuta, "Ta zo mini baƙunta." Na tura na biyu, na uku, har na goma sha.

Direban nan ne ya fara lura. Ya rubuta, "Madam, wannan baƙuwa taki azumi take yi ne? Kowane hoto da abinci a baki, ba ta haɗiyewa." Na koma na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wallahi gaskiyarsa. A wannan fara ce a bakinta, a wancan ɗan ƙadangare, a wani 'ya'yan dogon yaro. Takan sauka a kan reshe ɗaya, ta juya kai hagu da dama, sai ta zagaya bayan icen, ɓangaren gidan Mma, inda ba na gani. Minti ɗaya ta dawo, baki wayam. Na ce ƙila kunya take ji, ba ta cin abinci a gaban mutane. Mai magani ya ce ƙila ajiya take yi. Malamin daji, wanda da ya warware mana, ya tafi ƙauyensu jana'iza, wayarsa ba ta shiga. Abin ya tsaya mini a rai, har a aji sai in tsinci kaina ina tunanin ina farar nan ke tafiya.

Ranar Alhamis da yamma ina tsaye da kyamara, sai ga kan Mma ya leƙo ta saman katanga. Ta ji labarin mai inji wurin maigida.

"Madam, kar ka sare ice nan," ta ce. "Yana ciki."

"Wa ke ciki, Mma?"

Ta nuna sama da haɓa. "Tsuntsu. Yana ciki."

Na ɗaga kai, ga cilakowa zaune a kan reshe, ƙiri-ƙiri, da tsutsa a baki. Dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Haba Mma, ga ta nan a waje kina gani. Kuma ba 'yana' ake cewa ba, 'tana' ake cewa. Cilakowa mace ce. Ni ma 'ki' za ki ce mini, shekara nawa ina gaya miki?"

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na riga ta da wani karatun. Sai ta dube ni, ta dubi icen, ta sauke kanta daga katangar. Na ji ƙarar takalminta tana komawa wurin tukunyarta. A raina na ce tsufa ya fara taɓa idon Mma, Allah sarki. Ban ji ko ɗigon kunya ba a lokacin, yanzu ne nake jin ta.

Asabar da hantsi mai inji ya iso a kan babur, da igiya a kafaɗa da galan ɗin fetur. Ya zagaya icen, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce cikinsa rami ne, ba zai ɗauki awa ɗaya ba. Ya jefa igiya kan babban reshen, ya tsuguna yana zuba wa injin mai. Maigida yana tsaye yana nuna masa inda zai kayar. Ni kuwa na ɗauko kyamara don in yi wa baƙuwata hoton bankwana. Tana can kan falwayar wuta tana wani irin kuka mai tsini, ta ƙi matsowa, ta ƙi tafiya.

Ban ji sallamar Mma ba. Hannu kawai na ji ya damƙi wuyan hannuna, hannu mai santsin man kaɗe amma da ƙarfi kamar na maƙeri. Ta ja ni muka fita ƙofa, muka zagaya, muka shiga gidanta. Shekara tara muna maƙwabtaka, sai ranar na san cewa ban taɓa wuce bakin zaurenta ba. Ta kai ni bayan murhu, ta tsayar da ni, ta nuna jikin maɗacin, sama da katanga kamar tsayin mutum biyu.

Da farko ban ga komai ba. Sai na lura da wani wuri da launinsa ya bambanta, kamar an yaɓe rami da laka an shafe, an bar wata 'yar tsaga a tsaye wadda yatsa biyu ba za su shiga ba. A gindin katangar ta wannan ɓangaren kashin tsuntsu ne fari fat.

"Duba da abin ka," in ji Mma.

Na ɗaga kyamara, na jawo tsagar kusa. Na jingina da bango. Shiru. Can sai wani abu ya motsa a cikin duhun, tsinin baki ya leƙo, ya koma. Na danna, na danna, ban san sau nawa ba. Na sauke kyamarar na buɗe hoton, na ƙara girmansa. Baki ne na cilakowa, amma tsininsa ja ne. Na koma hotunan baƙuwata na wata guda: bakinta baƙi ne, da ɗan farin zane a gefe. Babu ja ko kaɗan.

"Mma," na ce, "wannan wata ce daban."

Ta nuna ta kan falwaya. "Wancan miji." Ta nuna tsagar. "Mata shi yana ciki. Ya rufe kan shi da ƙasa, ya yi ƙwai. Gashi duka ya zube, ba ya iya tashi. Miji ne yana kawo abinci. In ka sare, ya mutu."

Inna lillahi! Wato wata guda cur ina kiran magidanci "ita", ina tura wa mutane ashirin, ina taƙama da nahawu. Sunan ne mace a bakinmu, ni kuma na ɗauka tsuntsun ma haka yake, shi ya sa ko a mafarki ban kawo cewa akwai wata matar a wani wuri ba. Tsohuwar da na yi wa dariya kuwa kullum tana zaune gaban tukunyarta tana kallon komai.

Daidai nan na ji injin ya yi tari, ya kama.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Ɗankwalina a ƙofar Mma ya faɗi. Na faɗa gida ina ihu, "Tsaya! Don Allah tsaya!" Mai inji ya kashe, ya dube ni, ya dubi maigida. Na tura wa maigida kyamarar a fuska ina haki, ina bayani baibai. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ke," ya ce, "ba ke kika hana ni shan ruwa wata biyu a kan icen nan ba?"

"Ni ce, Malam."

"In iska ta jefo shi kan ɗakin girki fa?"

"Ni na jawo. Ka ba ni sati shida."

Ya ce da ni da tsuntsayena Allah Ya shirye mu, ya shige ɗaki. Mai inji ya kwance igiyarsa yana dariya, ya ce shi dai bai taɓa ganin aikin da matar aure ta hana daga cikin ice ba. Na dama masa koko, ya sha, ya tafi.

Da yamma na tura hoton a guruf. Ba hoto ne mai kyau ba, duhu ne da ɗan jan ɗigo a tsakiya, amma babu hotona da aka taɓa yi wa magana kamarsa. Malamin daji da ya dawo ya tabbatar da duk abin da Mma ta faɗa, bai ƙara komai a kai ba sai sunan Turanci. Na gaya musu ba ni na gano ba, maƙwabciyata ce. Direba ya ce a saka ta a guruf. Na ce wayarta ta tocila ce.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Shamuwa ta iso, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Duk iskar da ta taso sai in fito tsakar gida, ido ɗaya a kan rufi, ɗaya a kan icen. Wata la'asar iska ta ɓalle wani reshe, ya lotsa kwano biyu na ɗakin girki, ruwa ya jiƙa mini garin masara. Maigida ya tsaya ya kalli ɓarnar, ya kalle ni, ya juya ya tafi. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Amma da na zagaya gidan Mma, yaɓen yana nan, mijin kuma ya iso jiƙe sharkaf da fara a baki.

Kusan kullum a gidanta nake yin la'asar a lokacin. Ta ba ni kujera 'yar tsugunne kusa da murhu, ina jiran hoto, tana tuƙa man kaɗe. Burina ɗaya, in kama lokacin da matar za ta fasa yaɓen ta fito. Na yi wa guruf alkawari, har na fara tunanin abin da zan rubuta a ƙarƙashinsa.

Ban samu ba. Ranar wata Talata na dawo daga makaranta, ko babur ban gama jinginewa ba, sai ga kan Mma a saman katanga, fuskarta duk haƙora.

"Madam! Ya fito! Da safe ya fasa, ya fito. Yara suna ciki, sun rufe kuma."

Na ji gyaran ya taso mini har bakin leɓe, irin na mahaifina, "ta fito". Na haɗiye shi.

"Alhamdu lillahi," na ce. "Yana ina yanzu, Mma? Nuna mini shi."