Gyaɗar Hamma Mai Ruwa

Duk wanda ya buɗe famfo a jami'ar nan ta bayan Gaya ruwan Hamma yake sha, amma ba kowa ya san da shi ba. Mutumin Gafasa ne, ta can Ajingi. Ɗakin injinsa yana ƙarshen katanga, inda ko masu tallar awara ba sa kaiwa. Aikinsa jiran wuta ne: in an kawo ya tayar da inji, in tanki ya cika ya kashe. Wutar kuwa ba ta da lokaci, shi ma sai ya zama ba shi da nasa. Ko Juma'a a sahun ƙarshe yake tsayawa, ana sallama ya zura takalmi.

Bana ruwa ya ɗauke da wuri, ga gyaɗarsa a ƙasa. Yayansa Tukur ya kira shi a waya.

"Ƙasa fa ta fara tauri. Ka ƙara jinkiri, ganye za ka tuge, 'ya'yan su zauna a ciki."

"Yaya, a kira gayya mana. Zan aiko a dama fura."

"Gayyar wa ka je bana? Ta maƙwabcinka Kabo, ko tawa? Mutane ba fura suke bi ba, fuska suke bi. Ka zo su gan ka a gonarka, roƙon kuma ka bar mini."

Hamma ya tafi neman izini wajen Malama Muhsina, mai kula da ma'aikatan gyara. Ya same ta ita kaɗai a ofis, shayinta ya huce.

"Baba, daga ina?"

"Ranki ya daɗe, ni ne mai ruwa."

"Au, dama mutum ne a wurin? Wallahi na ɗauka injin da kansa yake tashi!"

Ta miƙe ta jawo masa kujera, ta yi ta sa masa albarka har ya ji nauyi. Sannan ta ce, "Ɗalibai na jarrabawa, ba ma bar su ba ruwa ba. Kawo wanda zai riƙe maka, yau ma ka tafi."

"Ai ni kaɗai aka ɗauka."

"Ni ma haka, Baba."

A bakin ƙofar makaranta kwandasta yana ta kiran Ajingi, saura mutum ɗaya. Hamma ya tsaya, har ya ɗaga hannu. Sai fankar ɗakin masu gadi ta fara juyawa.

Ya sauke hannun, ya nufi ƙarshen katanga da sauri, waya a kunne.

"Yaya, ku tuge abin da ya tugu."