Ya Kira Ni da Hausa, Na Wuce

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ni tuzuru ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina aikin gwajin jini a wani asibiti a unguwar Bronx ta birnin New York, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan ɗaki a Concourse Village. Karatu ne ya ɗauko ni daga Kano, aiki ya riƙe ni. In na tashi daga aiki ba ni da abin yi sai ci da kallon talabijin, har na ajiye teɓa, wani likita da muke aiki tare ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, in ban motsa jiki ba zan fara shan magani tun ban yi aure ba. Na faɗi wannan ne, Edita, don a san ni ba wani ɗan wasa ba ne. Abin da zan bayyana na daɗe ina ɗauke da shi a ciki, ko matar da na aura daga baya ba ta san shi yadda yake ba.

Da gudu na fara, a filin shaƙatawa na Central Park, ina haki kamar zan shiɗe. Bayan shekara guda jikina ya saki, sai wani abokin aikina Bature ya ba ni labarin gasar da suke kira triathlon. A rana ɗaya mutum zai yi iyo na kusan kilomita huɗu, ya fito ya hau keke ya yi kilomita ɗari da tamanin, ya sauka ya yi gudun kilomita arba'in da biyu. Na yi dariya na ce wannan ai neman mutuwa ne da ƙafa. Amma maganar ta zauna mini a rai. Matsalata ɗaya ce, ban iya ruwa ba. Mahaifiyata ko bakin kududdufi ta ji an ce an gan ni sai na sha duka.

Wata Juma'a a ƙofar masallaci a Harlem ina ba da wannan labari ana yi mini tsiya, sai wani dogon mutum ya ja ni gefe ya ce in da gaske nake shi zai koya mini. Mutumin Nijar ne, ɗan masunta, a bakin kogi ya tashi, direba ne a ofishin jakadancin wata ƙasa. Ya girme ni da fiye da shekara goma. Yaya nake ce masa, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ƙanena. Duk sanyin wannan shekara, bayan sallar asuba, mu haɗu a wani wurin iyo na unguwa kafin ya tafi ɗauko maigidansa. Ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin cikina kamar jariri yana cewa in saki jiki, ruwa ba ya son mai gardama. Na sha ruwa na ƙoshi, bai taɓa yi mini dariya ba. Gidansa ya zama gidana. Matarsa ta san ina son dambun zogale, ba ta yi ba ta ajiye mini ba. 'Ya'yansa in na yi musu Hausa su amsa da Turanci, amma in sun ji ƙwanƙwasata rige-rigen buɗe ƙofa suke yi.

Ganin yadda na ɗauki abin, shi ma ya sayi tsohon keke. Ranar Lahadi mu tsallaka gada zuwa New Jersey mu yi ta tafiya a gefen kogi har la'asar. Muka fara da ƙananan gasa, muka kai ga babbar. Mu biyu ne kaɗai baƙar fata a mafi yawan wuraren da muka je. Shi don nishaɗi yake yi. Zai tsaya ya gode wa masu miƙa ruwa, zai jingine keke ya yi azahar a gefen titi ana tsakiyar gasa. Ni kuwa a hankali na zama wani mutum dabam. Akwai wata gasa ta duniya da ake yi a wani tsibiri mai nisa, ba a shigarta sai wanda ya ci gurbi, wato ya zo cikin 'yan ƙalilan na farko a rukunin shekarunsa. Sau biyu gurbin yana kuɓuce mini da 'yan mintuna. Daga nan agogon hannuna ya zama ubangidana. Na daina zuwa suna, na daina zuwa ta'aziyya in ta faɗo ranar atisaye. Na fara jin Yaya yana ja mini lokaci. In ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai in ƙarasa masa da gatse, in ce sai dai a daɗe ba a je ba. Ya yi murmushi kawai.

A karo na uku, cikin zafin bazara, shi ya tuƙa mu a motarsa zuwa wani gari mai tafki da tsaunuka a arewacin jihar New York. Shi ya ja mu sallar asuba a inda ake ajiye motoci, ya yi mini addu'a da bakinsa Allah ya ba ni abin da nake nema. Da yake ya fi ni ruwa nesa ba kusa ba, kullum shi ke riga ni fita, sai can a kan keke nake cim masa. Ran nan jikina ya ba ni haɗin kai yadda bai taɓa ba. Duk lokacin da na duba agogo sai in ga ina gaban lissafina.

Mun wuce rabin tafiyar keke, a wata gangara mai kwana cikin daji inda babu gida babu 'yan kallo, na hango keke a yashe, tayar gaba ta lanƙwashe. Tsakuwa ce ta kwashe shi. Yaya ne kwance a cikin kwalbatin gefen titi, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jini ya jiƙa wandonsa. Na taɓa birki. Ya ɗago kai, muka haɗa ido. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙanena, tsaya." Da Hausa ya faɗa. A cikin mutum sama da dubu da ke kan wannan titi babu wanda maganar za ta shiga kunnensa sai ni. Kuma ni ma'aikacin asibiti ne, na san yadda ake ɗaure jini. Na duba agogo. Wallahi na duba agogo. Zuciyata ta ce motar asibiti na zagayawa, na baya za su tsaya, tsayawata ba za ta ɗora ƙashi ba. Na saki birki na taka feda.

A wurin ba da ruwa na gaba na ɗaga murya na ce wani ya faɗi a baya, ban tsaya ba, ban faɗi inda yake ba, ban faɗi lambarsa ta gasa ba. Wannan ɗan ihun shi na riƙa lulluɓa da shi shekara da shekaru. Na gama keke, na yi gudu, na kai ƙarshe da yamma ana tafa mini. Na sami gurbin, na ƙarshe a rukuninmu.

Daga baya na ji cewa mutane da yawa sun wuce shi bayana. Wata Baturiya mai kimanin shekara hamsin ce ta tsaya, ta cire rigarta ta ɗaure masa cinya, ta tare wani ta aike shi, ta zauna da kansa a kan ƙafarta har mota ta zo. Ba ta san shi ba, ba ta jin abin da yake faɗa, ta bar gasarta saboda shi. Likitan da ya yi masa aiki, da ya ji ni ma'aikacin asibiti ne, ya gaya mini a fili cewa karayar ba ita ce babbar matsalar ba, jinin da ya zuba da daɗewar da ya yi a kwance su suka lalata ƙafar.

Na shiga ɗakin da aka kwantar da shi bayan na cusa lambar yabon da aka ba ni a ƙasan jaka. Tun bai tambaye ni ba na ce ban gan shi ba, gangarar na da gudu, kaina na sunkuye. Ya daɗe yana kallona. Sai ya tambaye ni ko na sami gurbin. Na ce na samu. Ya ce Allah ya sanya albarka, ya juya fuskarsa bango.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. A cikin 'yan wata ƙungiyar keke da muke ciki, ɗaya da na ɗan tsegunta masa ya dafa kafaɗata ya ce gasa gasa ce, kowa ya san haɗarin da ya sa hannu a kai, ko shi ne haka zai yi. Mutanenmu kuwa suka ɗauke ni gwarzo, ga ɗan Arewa zai je wakiltarmu a duniya. Aka haɗa mini walima a wani gidan abinci a Harlem. Matar Yaya ce ta dafa rabin abincin. Aka kawo shi a keken guragu, dattawa suka ce ai shi ne malamina, shi ya kamata ya yi addu'a. Ya ɗaga hannu ya roƙa mini sauka lafiya da dawowa lafiya, jama'a na amin, ni ma ina amin. Na je tsibirin. Na zo a tsakiyar ɗaruruwan mutane, babu wanda ya san ni, babu wanda ya damu. Aka rataya mini wani ƙarfen, aka ba ni riga. Abin da na sayar da ɗan'uwana a kansa ke nan.

Ƙafar ba ta koma taka birki ba. Ofishinsu suka yi haƙuri na 'yan watanni, sannan suka ɗauki wani direban, kuma takardun zamansa a jikin aikin suke. Dole ya kwashe iyali ya koma gida, 'ya'yan da ba su san ko'ina ba sai New York. Ranar da na je taya su ɗaure kaya, ya ce wa matarsa ta ɗan kai yara shago. Muka rage mu biyu a cikin kwalaye. Ya ce in zauna.

Ya ce, "Ƙanena, da na faɗi na ji tsoro, na ɗauka a dajin nan zan mutu. Da na hango ka sai tsoron ya tafi. Na ce alhamdu lillahi, ga nawa ya zo."

Na kasa ɗaga kai. Ya ce wucewar da na yi ya yi mata uzuri tun a kwance, ya ce wa kansa yaro ne, Shaiɗan ne, rana ce ta buga shi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne wata shida ina zuwa gidansa, ina cin abincin matarsa, ina kallon idonsa a kan ban gan shi ba. Kullum yana jira in faɗa da kaina. Na durƙusa ina kuka na ce Yaya ka yafe mini don Allah. 

Ya ce, "Ina ƙoƙari. Kullum ina roƙon Allah ya kai zuciyata can, ba ta kai ba tukuna. Ba zan ce maka na yafe ba alhali ban yafe ba. Ƙarya ɗaya ta ishe mu."

Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa kowa ba. A filin jirgi ta yi ta sa mini albarka tana cewa ba su da ɗan'uwa a ƙasar nan kamata. Na rubuta masa wasiƙa ta fi a ƙirga, na aika saƙo ta hannun matafiya. Sau ɗaya amsa ta zo, gaisuwa ce layi uku, ya ce iyali na lafiya, an yi ruwa bana. Kafin shekarun casa'in su ƙare wani ɗan garinsu ya tare ni bayan Juma'a ya yi mini ta'aziyyar Yaya, yana zaton na riga na ji. Zazzaɓi ne na kwana biyu.

Ban sake shiga gasa ba. Ba na zagin motsa jiki, shi ya raba ni da hawan jini, kuma ga wadda ta tsaya, ita ma 'yar gasar ce. Laifin nawa ne. Amma ina so masu karatu, musamman matasanmu da ke ƙasashen waje, su gane cewa ba a ranar na wuce shi ba. Na fara wuce shi tun ranar da na ga gaisuwa ɓata lokaci ce, tun ranar da na bar ta'aziyya saboda atisaye. Zuciya ma atisaye take yi. Abin da ka saba mata da shi a ƙananan ranaku shi za ta aikata a babbar rana, cikin ƙiftawar ido, kafin ka yi shawara da ita. Naka burin ba lalle ya zama keke ba, yana iya zama digiri, ko ƙarin girma a ofis, ko takardar zama. Ko mene ne, in ka ga ya fara sa kana duba agogo alhali mutum na yi maka magana, ka ji tsoron kanka.

In kuma ka riga ka yi kuskuren, kada ka ɗora masa ƙarya, kada ka jira a tambaye ka. Je ka faɗa da bakinka tun mai haƙƙin na numfashi, domin haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Ni yanzu na tsufa, na haura shekarun da ya yi a duniya, ina yi masa addu'a bayan kowace salla. Ya ce mini yana ƙoƙari, kuma na san shi, ba ya faɗin abin da ba ya yi. Sai dai ban sani ba ko zuciyarsa ta kai kafin a ɗauki ransa, kuma babu sauran wanda zan tambaya a bayan ƙasa.