Shanun da Inna Ta Ce a Kawo Mata

A duk shekarun da na yi ina haɗa bidiyo a garin Lafiya, ban taɓa mantawa da ranar da Malam Buba ya shigo shagonmu da ɗan katin kamara ƙulle a bakin rawaninsa ba. Ku da kuke yanka bidiyo a waya kuna cin gyaɗa ba za ku gane aikin wancan lokacin ba. Kwamfuta ɗaya gare mu, mai ƙatuwar ƙeya. Ni ne mai haɗawa, Oga Emmanuel mai shagon kuma shi ke zuwa ɗaukar bukukuwa.

Malam Buba Bafulatani ne, rugarsu na bayan Shabu. Mahaifinsa ya rasu da damina, kuma hotonsa mai motsi ɗaya ne a duniya: wani ɗalibin aikin gona ya taɓa ɗaukarsa cikin garke, ya bar musu katin. Mahaifiyar Malam Buba, Inna, ita ta aiko shi a juye mata a faifai.

Na sa kati a kwamfuta. Ga kukan shanu, ga muryar tsoho yana kiransu, amma allo baƙi ƙirin.

Oga ya leƙo ya ce, "Danladi, wannan abu ya mutu. Abeg ba shi kayanshi, aikin biki na jira."

Ni kuwa na san bai mutu ba, kodek ne babu. Ga wanda bai sani ba, kowace kamara tana da yadda take naɗe hoto ya ƙanƙance, kuma sai kwamfuta ta sami abin da ke warware irin wannan naɗin kafin ta nuna shi. Kamar tafinta ne a kasuwar Lafiya: mutum na magana, kana jin sauti, amma ba ka san me ya ce ba. Matsalar ita ce Oga ya hana sa kodek tun ranar da wani ya zuba mana tarinsu a haɗe, suka rikita manhajar haɗa bidiyon, muka yi ta fama.

Na ce, "Oga, guda ɗaya tak zan sa, wanda kamarar nan take aiki da shi."

Ya ce, "In kwamfuta ya lalace, kai da shi."

Na duba bayanan fayil ɗin na ga sunan kodek ɗin, na tafi shagon intanet na bi layi, na sauko da shi a filas. Na sa, na kashe kwamfuta na kunna. Sai ga tsoho a allo, da malfarsa da sandarsa a kafaɗa. Malam Buba ya ja rawani ya rufe bakinsa.

Saura fitar da shi a faifai. A lokacin kusan kowa faifan VCD muke yi wa, don kowace na'ura tana karɓa. Amma naɗinsa yana matse hoto sosai. Fuskar da ke kusa tana fita, abin da ke motsi daga nesa kuwa sai ya dagule. Na yi gwaji na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"Malam Danladi, waɗannan ba shanunmu ba ne. Ban gane ko ɗaya ba."

Na ce, "Ai ga Baba ya fito sarai."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna ba ta ce a kawo mata Baba ba. Shanu ta ce."

Nan na gane. A wurinsu mace ba ta kama sunan mijinta, balle ta ce a gaban 'ya'yanta tana kewarsa. Idan shanun ba su fita ba, ba ta da hujjar zama gaban allo, kuma ba za ta ƙara ganinsa ba. Na sake aikin da naɗin DVD, wanda ke barin hoto da kyansa. Oga, duk da mitarsa, shi ya ɗaure na'urarsa ta DVD ta gida da ƙaramar talabijin da ɗan janareto a bayan babur, ya ce mu je.

Mun isa ruga bayan la'asar. Inna ta zauna a karkace, kamar wucewa take yi. Da garke ya fito sai ta fara kiran shanun da sunayensu, tana faɗa wa jikoki wacce ta haifi wacce. Da tsohon ya shigo tsakiyarsu, ya dafa wuyan wata saniya, sai ta daina kiran sunayen. Bayan ya wuce ta ce, "Buba, a mayar baya. Ban ga jar saniyar nan da kyau ba."

Muka mayar. Ta sake cewa a mayar. Ba wanda ya kalli fuskarta, ni ma na sa ido a kan janareto, don nawa idon ya cika.

Ina kewar wannan zamanin ƙwarai. Yau manhaja ce ke zaɓar muku kodek, ba ruwanku. Amma abin da aikin ya koya mini bai tsufa ba: kafin ka zaɓi yadda za ka matse hoto, ka san abin da mai shi ya zo gani, domin ba kowa ne zai iya faɗa maka da bakinsa ba.