Fom ɗin da Ban Tura Maka Ba, Kawu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, daga gare Shi muka zo kuma can za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda duk unguwa ta sani da Mai Sola. Jininsa ne ya hau, kwana biyu kawai ya yi a gadon asibiti. Ni da waya ba ta barin hannuna, ranar sai da Mama ta kira ni sau huɗu kafin na ɗaga, don ina tsakiyar kallon wani bidiyon banza.

Kawu, tun ranar nake ganin mutane suna saka hotonka suna rubuta alherinka. Ni na kasa. Na rubuta na goge ya fi sau goma. Ban yi karatu mai zurfi ba, ka sani, kai ne ma ka fi kowa yi mini faɗa da na ajiye makaranta. Amma ba rashin iya rubutu ne ya hana ni ba. Akwai maganar da nake riƙe da ita wata biyar, kuma in ban faɗe ta ba duk yabon da zan yi maka ƙarya zai zama.

Bari dai in fara da kai. Shagonka ɗan ƙarami ne, ƙofa ɗaya, tsani a jingine, wayoyi ja da baƙi a rataye jikin ƙusa, batura a jere a ƙasa. Soket ɗin da ke bayan kujerarka kuwa nawa ne, kowa ya sani. Kullum sai na shigo da gudu wayata na shirin mutuwa, cajinta saura kashi biyu cikin ɗari, shi ya sa ka sa mini suna Kashi Biyu. Da ka hango ni sai ka ce wa Mai Walda, abokinka da ke haɗa maka ƙarafan ɗora farantan sola, wai a ba da hanya ga Kashi Biyu nan ta iso, a cece ta. Ladan cajin kuma shi ne in karanta maka labaran sola. In na karanta cewa an ƙera farantin da ke cin rana gaba da baya, sai ka ajiye filaya ka ce in maimaita. In na ce wata ƙasa ta shimfiɗa farantai a kan ruwa, sai ka girgiza kai kana murmushi kamar ɗanka ne ya yi.

Kana da wata ɗabi'a da duk wanda ka yi wa aiki ya san ta. In ka gama haɗawa ka sauko daga kan kwano, ba ka taɓa kunna wutar da hannunka. Sai ka kira mai gidan, ko matar gidan, ka ce ita za ta danna makunnin, ka tsaya har ta ga ƙwan lantarkin ya kama da idonta. Kafin nan ba ka naɗe kayanka, ko da yunwa na cinka. Kuma ba ka tafiya sai ka ja kunne: a goge faranti da sassafe kafin rana ta ɗaga, kada a kuskura a watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙanƙara ba ta ji ba. Ta ga zafi ya yi yawa, tausayin farantin ya kama ta, ta sa aka kwara masa bokitin ruwan ƙanƙara, gilashin ya tsage. Ta zo shago tana kuka. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce ai ba jariri ba ne Iya. Washegari ka sauko da lafiyayyen farantin gidanka ka ɗora mata, ka ɗauki tsagaggen ka kai naka rufin.

Da wannan tsagaggen farantin gidanka ya rayu shekara biyu, da wani batir da ya gaji. Mutumin da ya haska rabin unguwa, firjin gidansa ba ya kaiwa la'asar. Ga Anti, matarka, da ciwon suga, allurarta kuma ba ta son zafi. Shi ya sa kullum da safe kake saka allurar a wani ɗan kwali ka kai firjin mai shagon magani, da yamma ka karɓo. Ba ka taɓa fashi ba, ba ka taɓa ƙorafi ba.

To, a watan Disamba ni ce da bakina na karanta maka cewa gwamnati ta buɗe tallafin sola ga gidajen masu ƙananan sana'o'i, farantai huɗu sababbi da batir mai ƙarko, amma ta intanet ake cike fom ɗin. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba. Ka ce ashe firjin Anti zai kwana ya wuni. Ka kawo katin shaidarka a cikin leda, ka saka rigarka mai kyau na ɗauke ka hoto a jikin bango, ka ce to Kashi Biyu, yau ranarki ce.

Na cike komai, wallahi na cike. Saura hoton katin ya hau sai abin ya tsaya yana ta juyawa. Na jira kaɗan, sai saƙo ya shigo daga guruf ɗin ƙawayena, ana rigima a kan wani anko. Na ce bari in leƙa in dawo. Da ka tambaye ni ko ya tafi, idona na kan rigimar, na ce, "Ya tafi, Kawu." Ka ce Allah Ya yi mini albarka. A raina na ce anjima zan ƙarasa. Anjima ta zama gobe, gobe ta zama jibi. Ranar da na tuna na buɗe, an rufe da kwana biyu.

Da a ranar na zo na faɗa maka, da faɗa kawai za ka yi mini, ka kuma saka mini waya a caji. Amma kunya ta rufe ni. Mai Walda, da 'yarsa ta cike masa, ya samu saƙo da lambar shaida. Ka tambaye ni naka fa, na ce sabis ne, wani lokacin yana jinkiri. Sau ɗaya ka yi tambayar. Ka ɗan dube ni, ka ce to, ka ci gaba da fere waya. Daga nan na rage zuwa shago, na sayi abin ajiyar caji don kada in buƙaci soket ɗinka. In mun haɗu a hanya ka ce Kashi Biyu ta yi arziki ta guje mu, sai in yi dariya in wuce da sauri. Sunaye suka fito, aka kawo wa Mai Walda nasa, kai ka hau ka ɗora masa, kai ka tsaya matarsa ta danna makunni. Washegari ka ɗauki ɗan kwalinka ka nufi shagon magani kamar kullum.

Shekaranjiya da mutane suka ragu, na samu Anti ita kaɗai a ɗaki, firjin nan a gefenta ya yi tsit. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina jiran ta kore ni. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce ai ka sani tun ranar da saƙon Mai Walda ya shigo. Ta ce ita ta so ta kira Mama a yi mini tas, kai ka hana. Na ce me ya ce, Anti? Ta ce, "Cewa ya yi mini, ki bar ta, yarinyar kirki ce, da ƙafarta za ta zo ta faɗa mini. Kada a ƙwace mata wannan."

Kawu, ashe wata biyar ba farantai kake jira ba, ni kake jira. Soket ɗin nan Mai Walda ya ce ba ka bari kowa ya saka waya a ciki. Na zo, Kawu, amma na zo ka tafi.

Yanzu ni ke kai allurar Anti shagon magani da safe, in karɓo da yamma. Jiya kuma na ga labarin an sake buɗe tallafin zagaye na biyu. Na kashe duk wani guruf, na zauna kusa da Anti na cike da sunanta, don tana ɗinkin hula. Na jira hoton ya hau har ƙarshe. Da aka zo wajen turawa ban taɓa ba, na miƙa mata wayar na ce ita za ta danna. Ta danna da yatsanta, muka zuba ido har saƙon ya shigo da lambar, na sa ta karanta da bakinta. Ban san ko za ta samu ba. Mai Walda dai ya ce in an samu shi zai hau, kuma ni zan riƙe masa tsani.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawuna, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haskaka ɗakunan bayinKa. Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce gidansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, Allah Ya ba ki lafiya da haƙuri, da Mama da ta rasa ƙaninta ɗaya tilo, da Mai Walda, da duk wanda ya taɓa danna makunni Kawu na tsaye a bayansa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara. Kawu, Anti ta ce ka yafe tun kafin in roƙa. Duk da haka ina roƙo, ka yafe wa Kashi Biyu.