Inna Mai Shara da Yagaggen Kati

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Inna Mai Shara ta riga ta yayyafa ruwa a ajin ƴan shekarar ƙarshe, ta ci ɗamara, ta sunkuya. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan sunkuyon, ranar Alhamis kuma za ta ajiye tsintsiya. Mu malamai saman tebur muke dubawa, ita kuwa ƙarƙashinsa, kuma wallahi ta fi mu sanin yaran nan.

Inna ko bihim ba ta sani ba a boko, amma ta san jan biro. Da ta ga an cukuikuye takardar gwaji an cusa bayan benci, sai ta tare malamin ajin a baranda: "Malam, yaron nan na bakin taga, a lallaɓa shi, gwiwarsa ta fara sanyi." Sau nawa muka yi mata dariya, daga baya muka dawo muna sosa ƙeya!

Bara, saura kwana tara a fara jarrabawar fita, ta sharo katin shiga ɗakin jarrabawa an yi masa gutsi-gutsi. Da rabin fuskar hoton ta gane na Auta ne, wata shiru-shirun yarinya da lissafi ya kayar sau biyu a gwaji. Ba kati, ba shiga, wahalar shekara shida ta bi ruwa ke nan. Inna ta tsince guntayen ta ƙulle a bakin mayafi. Da aka fita shan iska ta iske yarinyar a bayan aji ita kaɗai, ta zube mata su a tafin hannu.

Auta ta fashe da kuka. "Inna, faɗuwa zan yi. Gara in ce kati ya ɓata da in kai wa Baba abin kunya."

"Au, yanzu ke ce mai ba da maki? Ba a shiga fili ba har kin kayar da kanki? Tashi mu je, ƴar nan."

Ta ja ta har ofishin malamin jarrabawa, ta kafe a ƙofa sai da ya yi alkawarin nemo wani katin. Ta roƙi malamin lissafi ya ba Auta rabin awa kullum bayan an tashi, ita kuma ta kifa bokiti a bakin aji ta zauna, ba ta kulle ajin sai sun gama.

Da ƙyar Auta ta haye lissafi, amma ta haye, yau tana makarantar koyon jinya. Mahaifinta ya zo da sakamakon yana neman malamin da zai gode wa, aka nuna masa Inna tana wanke tsumma a famfo. Dattijon nan da furfurarsa ya durƙusa.

Ta ce, "Tashi, Malam, kar ka jiƙa wando. Je ka gaya wa ƴarka ko da ta faɗi, ƴarka ce. Shi ne abin da ba ta sani ba."

Inna, ke ce uwar da ba a rubuta a rajista ba. Ke ce kika ga abin da ya wuce mu da tabaranmu. Mun gode, mun gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Ya hutar da bayan nan naki.

Iyaye da malamai, jarrabawar bana saura wata guda. Kowa ya kira nasa ya faɗa masa wannan maganar da Inna ta faɗa wa mahaifin Auta tun ba a raba takardu ba.