Gide Ya Tafi Ya Bar Wa Lawwali Aiki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Gide Muhammad Awwal rasuwa ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, a Ƙanƙara, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi jana'izarsa bayan la'asar a ƙofar gidansu. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, da kuma aikin da bai ƙarasa ba: bidiyon bikin Hafiza, ɗiyar yayarsa Hajiya Adama ta Pauwa.

Na ambaci wannan aiki tun a farko saboda nauyinsa. Hafiza ita ce 'yar fari, kuma Hajiya Adama tana cikin matan da har yau suke riƙe da kunyar 'yar fari. Tun da aka fara hidimar biki ta koma gidan maƙwabta, ba ta dawo ba sai da aka kai amarya. Ba ta ga kamu ba, ba ta ga wuni ba, ba ta ga fitar ɗiyarta daga gida ba. Gide ya yi mata alkawarin zai kawo mata bikin har ɗaki, ta kalla ita kaɗai babu mai ganin idonta. Ya tace fiye da rabi, ciwo ya kwantar da shi.

Ga wanda bai san shi ba, Gide mai ɗaukar bidiyo ne kuma mai tacewa, wato mai yanke abin da aka ɗauka ya jera shi, ya daidaita sauti, har ya zama abin kallo. Bikin aure, suna, saukar karatu, taron manoma, duk ya yi. Ni aikin jarida ne ya haɗa mu, domin shi yake tace mini rahotannin da nake aikawa daga yankin. Amma abin da abokan sana'arsa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa za su fi tuna shi da shi, shi ne naci a kan wata manhajar tace bidiyo da kusan babu wanda ya san ta a nan kafin ya kawo ta. Ba zan faɗi sunanta ba, don ta'aziyya nake rubutawa ba talla ba. Ko da ma, ba mai kiran ta da sunanta na asali. 'Yar Gide ake ce mata.

Hujjarsa ba ta da tsawo. Yawancin masu tacewa a yankin suna aiki ne da kwafin sata na wata babbar manhaja mai suna a duniya. Tana da nauyi, tana daskarewa a kan tsofaffin kwamfutocinsu, kuma kowa da irin kwafin da ya samu, ta yadda aikin da aka fara a wani shago ba ya buɗuwa a wani. Tasa kuwa kyauta ce daga masu ita, ba ta da nauyi, kuma iri ɗaya ce a hannun kowa. Na taɓa zama na karanta sharuɗɗanta don in tabbatar da zancen kyautar, na tarar yadda ya faɗa haka yake.

Malam Gide, ba ka taɓa cewa ta fi kowace ba. Abin da kake cewa shi ne sana'arku tana bukatar gayya, yadda manoma ke taruwa a gonar mutum ɗaya. Bayan an kwashe amfanin gona, bukukuwa kan yi wa kowane shago yawa, kuma babu mai iya kama wa wani. Da farko dariya aka yi maka. Sai shekarar da Shamsu, mai shago a Sabuwa, ya faɗi a babur ya karye a hannu ana tsakiyar kakar bukukuwa. Shi ne na farko da ya karɓi manhajar, shi ma don kunyarka ya karɓa. Aka naɗe faifan ajiyarsa a tsumma, aka ba direban motar haya ya kawo Ƙanƙara. Kana jonawa aikin ya buɗe daidai inda ya tsaya. Ka raba sauran ga mutum biyu da ka koya wa, kowane ango ya karɓi bidiyonsa a kan lokaci. Shamsu ya gaya mini cewa yana kwance da ɗauri abokan sana'a suka riƙa zuwa dubiya da kwamfutocinsu a jaka, a gaisa, a yi masa sannu, sannan a ce, "To, 'yar nan taku, a ɗan sa mani ita in gani."

Daga nan aiki ya same ka. Ka riƙa naɗar darasi da muryarka cikin Hausa kana turawa a waya. Wanda bai da data ka aika masa a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake jonawa a kwamfuta. Ka hau babur zuwa Daudawa don kawai wani ya kasa gane inda ake rage ƙarar janareta a sauti. Ba ka taɓa raina tambaya ba, sai dai ka yi wa mai ita tsiya tukuna sannan ka amsa.

Mutum ɗaya ne ya gagare ka, shi ne Lawwali na Faskari, ɗan kawunka, taubashinka, wanda ya riga ka shiga sana'ar kuma kowa ya yarda babu mai kunnen sauti irin nasa. Shi ba ya ce mata 'Yar Gide. 'Yar tsintuwa yake ce mata.

"Kai ɗan ƙauye," in ji shi a wani taron masu sana'ar da na halarta, "wa ya san ubanta? Ango shina zuwa ya ce a sa mashi tattabaru suna tashi, furanni suna zuba. Ina tattabarunka?"

Adalci shi ne a faɗa, Lawwali yana da gaskiya. Manhajar ba ta zo da irin wannan adon ba, kuma angwayen yankinmu suna son sa. Gide bai yi musu ba. Ya koma gida ya aro tattabarun maƙwabcinsa, ya rataye koren zanen matarsa a bangon shago, ya kafa kyamara. Tattabaru suka ƙi tashi a inda ake so. Ɗaya ta sauka a kan kwamfuta ta yi abin da tsuntsu ke yi, sauran suka bi ta taga. Wuni guda aka yi ana kame, unguwa ta taru tana kallo. Amma ya samu abin da yake so, ya cire koren zanen daga hoton ya bar tattabarun kaɗai, ya rarraba wa kowa kyauta. Yau duk bidiyon bikin da ka ga farar tattabara mai baƙin tabo a wuya ta gilma a cikinsa, daga shagon Gide ta fito.

Da ya kai wa Lawwali, sai Lawwali ya duba ya ce, "Tattabarar ma ramammiya ce, kamar mai ita."

Sai Gide ya koma dabara. Duk zuwan da zai yi Faskari, yakan jira Lawwali ya fita alwala, ya ɗora masa manhajar a kwamfuta. Lawwali ya dawo ya goge. Da abin ya ƙi, sai ya canja tambarinta da hoton Lawwali kansa, sanye da hular sallah.

"To yaya, goge mu gani," in ji Gide. "Mutum dai ba ya goge huskarshi."

Lawwali ya goge. Ya ce wannan ne karo na farko da ya ga hotonsa ya yi muni. Suka tafi cin tsire tare. A iya sanina ba su taɓa rabuwa da fushi ba, kuma idan sauti ya rikice wa Gide, Lawwali yake kira, shi kuma ya amsa bayan ya gama yi masa dariya.

A nan ne maganar bikin Hafiza ta shigo. Mahaifinta, Alhaji Bilya, bai yarda a shiga da kyamara cikin gidansa ba sai da sharaɗi: ƙanwar amarya ce za ta ɗauki ɓangaren mata, kuma babu wanda zai ga abin da aka ɗauka sai ɗan dangi. A dangin, masu tacewa biyu ne kawai, Gide da Lawwali. Shamsu da sauran da suka ƙware a manhajar ba su da ikon buɗe wannan faifai, komai son su da taimako.

Matar marigayin, Halimatu Sa'adiya, ta shaida mini cewa da jiki ya yi tsanani, Gide ya sa aka ɗauko faifan, ya ce a ba Lawwali hannu da hannu. Ta ce yana maganar yana murmushi. "Ki ce mashi ba ya buɗuwa sai da 'yar tsintuwa."

Maganar gaskiya ce, amma da sauran bayani. Lawwali yana iya kwashe ɗanyen hoton da ba a tace ba ya fara daga tushe da manhajarsa. Idan ya yi haka, duk yankan da Gide ya yi da jerin da ya tsara sun tafi ke nan. A zaman makoki Hajiya Adama ta sa aka kira shi bakin ƙofa, ta yi masa magana a gaban mata.

"Lawwali, yadda ƙanena ya faro shi haka nake so. Kada ka taɓa mashi inda ya taɓa. Ka ɗora daga inda ya tsaya."

Lawwali ya sunkuyar da kai, ya share ido da bakin riga, ya ce, "Yaya Adama, yaron nan har ya tafi bai bar ni na huta ba." Matan da ke kuka suka yi dariya.

Malam Gide, ka rayu cikin fara'a, ka koyar da abin da ka sani ba tare da rowa ba, ka mayar da masu kishin juna abokan gayya. Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ilimin da ka bari ya zame maka sadaka mai gudana, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Halimatu Sa'adiya da 'ya'yansu, da Hajiya Adama da Alhaji Bilya, da Lawwali, da dukan abokan sana'arsa a ƙananan hukumomin uku. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen.

Faifan yana Faskari. Shamsu ya ce Lawwali ya kira shi ya nemi a turo masa darussan da Gide ya naɗa, tun daga na farko, ya kuma gargaɗe shi kada ya gaya wa kowa. Maƙwabtan shagon sun ce ƙofar a rufe take amma janareta na aiki, kuma ana jiyo muryar Gide daga ciki. Daga Pauwa an ce an gaya wa Hajiya Adama ta sa ran bidiyon ranar Juma'a mai zuwa. Na kira Lawwali don jin ta bakinsa. Zuwa lokacin da na rufe wannan rubutu, bai tabbatar ba, bai kuma musanta ba.