Bokitin da Baba Ya Kai wa Injiniya

Jiya na bi ta Sharaɗa, warin jima ya bugi hancina, sai Baba ya faɗo mini a rai. Shi ba ya ban-ruwa a lambunsa sai ya kamfaci ruwan rafi da tafin hannu ya shinshina.

Da masana'antun fata suka yawaita, aka karɓe rabin gonarsa, wai za a gina matatar da za ta tsabtace ruwan da suke zubarwa. Bai yi musu ba. Aka kewaye filin da waya, aka haƙa manyan kwatamai, amma injin bai taɓa tashi ba. Ruwan ya ci gaba da gangarowa rafi, baƙi wuluk. Tumatir ya ƙone a tsaye, ƙafafun Baba suka tsattsage.

Lokacin ina aiki a ɗaya daga cikin masana'antun. Wata safiya ya ce in raka shi. Ya ciko bokiti da ruwan rafin, muka shiga ofishin matatar, ya dire shi kan teburin injiniya.

"Ranka ya daɗe, ga ruwan da kuka tace. Ku yi alwala."

"Malam, a yi haƙuri, sauran kayan na hanya."

Masu gadi suka fitar da mu. Har ya rasu kayan ba su iso ba. Ni kuwa washegari na koma bakin aikina, abin da ke ci mini rai ke nan har yau.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya shayar da shi ruwan Alkausara. Waɗanda suka cuce shi kuwa, Allah Ya isa.